Makaranta sun ce sai mun kawo takardar likita, alhali yarona lafiyarsa ƙalau

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. A Kano nake, yarana huɗu, na biyun namiji ne shekararsa 9, yana aji 3 a wata makarantar kuɗi, aji 2 ma sai da ya maimaita. Har yau bai iya karatu ba, ko sunansa zai rubuta sai ya juya wasu haruffan, in aka ce su kwafi darasi daga allo kowa ya gama shi yana layi na biyu. Antinsu ta aji ta ce wani lokacin sai ya ƙura wa waje ɗaya ido ta yi ta kiransa bai amsa ba, sai ta daki benci sannan ya zabura. Amma a islamiyya hadda bata ba shi wahala, yanzu haka izu huɗu gare shi. Yana ƙarami ya yi fama da kunne mai zubar da ruwa, kuma yana shekara 3 ya yi wani zazzaɓi har da jijjiga aka ba mu gado. Satin da ya wuce shugabar makarantar ta kira ni ta ce ko mu kawo takardar likita ko mu nema masa wata makarantar zango mai zuwa. Babansu ya ce asibiti na marasa lafiya ne, yaro yana ci yana sha yana buga ƙwallo, ƙiwuya ce kawai da rashin bulala, in ya ƙi boko a kai shi gareji. Hajiyarsu kuma ta ce iska ce, an yi rubutu an yi hayaƙi har ruƙiyya an kai shi. Ni tsorona kar a je a rubuta masa taɓin hankali abun ya bi shi har girma. Anti me likita zai yi wa yaron da ba ciwo yake ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka.

Ki kai shi. Amsar kenan a taƙaice, sauran duk bayanin yadda zaki je ne da abun da zaki tabbatar kin dawo da shi a hannunki, don mata da yawa suna zuwa su wuni a layi su dawo da ledar maganin ƙarin jini, yaro yana nan yadda yake.

Yaron da ya riƙe izu huɗu a ka yana shekara 9 ba daƙiƙi bane, duk wanda ya kira shi da wannan sunan a gabanki ki tsawatar ko waye. Kan yana aiki. Akwai dai abun da ya tare tsakanin abun da malama take yi a gaban allo da abun da yake isa gare shi, kuma irin wannan baya zuwa da zazzaɓi ko ciwon kai balle a ce yaro ya kwanta. Aikin likita shi ne ya bi hanyoyin nan ya ga ina aka toshe, mai magani ya ba shi magani, wanda ba shi da magani ya rubuta wa makaranta yadda za su tafi da shi. Likita ba zai koya masa karatu ba, wannan ki cire a ranki tun yanzu, amma ita ma antin ba za ta iya leƙa cikin kunnensa ba.

Kunnen nan shi ne farkon abun da ya tsaya min a rai da na karanta saƙonki. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa yakan bar huji a dodon kunne, ko ruwa mai kauri ya taru a bayansa ya zauna ba ciwo ba komai, sai ji ya ragu. Irin yaran nan ba kurame bane, shi yasa uwa take rantsuwa ɗanta yana ji, ai ko ledar biskit aka buɗe a ɗaki yana tsakar gida zai taho a guje. Eh yana ji, a gida, ke da shi, yana kallon bakinki. Amma ki sa shi a aji mai yara arba'in ko hamsin, fanka na ƙara, janareton maƙwabta na ƙara, 'yan adaidaita na ta hon a bakin titi, anti ta juya baya tana rubutu tana magana da allo kuma da Turanci, toh rabin kalma yake tsinta. Ya yi minti goma yana ƙoƙarin haɗa guntaye ya gaji sai ya saki, ya ƙura wa taga ido. Islamiyya kuwa aya ɗaya aji guda za su ɗaga murya su yi ta maimaitawa har ta zauna, ko mai rabin ji zai ɗauka. Kinga wannan kaɗai zai iya sa yaro ya zama gwani a can, a nan kuma na ƙarshe. Ban ce shi ne ba, cewa na yi a fara da shi.

Kuma gwajin ji ba tafi ake yi a bayan kan yaro a ga ko zai waiwayo ba. Ɗaki ne mara hayaniya, a sa masa abun sauraro a kunne a dinga sakin sauti siriri da mai kauri, kowane kunne daban, yana ɗaga hannu in ya ji, a ƙarshe a ba ki takarda mai zane da ke nuna inda jin kowane kunne ya tsaya. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano suna yi, a Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa wadda aikinta kenan. Dan Allah kafin ku je kar a ɗiga masa komai, ba man zaitun ba habbatussauda ba ruwan albasa, in akwai huji ciki yake wucewa kai tsaye.

Ido ba sai na ja zance ba. Yaron da baya hango allo baya ƙorafi, shi a zatonsa kowa haka yake gani dishi-dishi. Ki lura ko yana ƙanƙance ido in yana kallon talabijin ko yana kai littafi har hanci. Asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari ko sashen ido na asibitin Murtala ko na Malam duk za su duba. In aka rubuta gilashi a saya a sa masa, maganar wai gilashi yana ƙara kashe idon yaro ba ta da tushe.

Maganar ƙura ido ɗin nan ita nake so ki nutsu ki karanta. Akwai wata irin farfaɗiya ta yara wadda babu faɗuwa babu kumfa babu jijjiga, yaro yana cikin magana ko rubutu sai kawai ya ɗauke, ido a buɗe, wani lokacin fatar idon tana ɗan kaɗawa ko baki yana ɗan motsi, daƙiƙa biyar, goma, ashirin, sai ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya shi bai ma san an yi ba. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 4 zuwa 10 kuma tana iya zuwa sau gommai a wuni ɗaya, toh ki lissafa yaron da ake yanke masa darasi sau talatin a rana me zai kwasa. Lokacin da nake aikin jinya a ɓangaren yara an taɓa kawo wata yarinya, kan maganar tari ma uwar ta zo, har za su tashi take cewa likita ga ta da shashanci malamai duk sun gaji da ita. Likitan ya yagi 'yar takarda ya riƙe a gaban bakin yarinyar ya ce ta yi ta hurawa da ƙarfi kar ta tsaya. Can cikin hurawar sai ta tsaya cak, ido ya kafe, ya kira sunanta shiru, ya ce "farin doki" da ƙarfi, bayan ɗan jim ta ci gaba da hura takardarta. Ya ce me na ce yanzu? Ta ce ba ka ce komai ba. Uwar nan kuka ta fashe da shi, kuma ba na ciwon ba, na dukan da ta sha yi mata ne.

Wannan gwajin na likita ne kar ki yi shi a gida. Naki shi ne in kin ga ya ƙura ido ki taɓa kafaɗarsa ko kumatunsa, mai tunani kawai zai juyo nan take, mai waccan ba zai juyo ba sai ta sake shi da kanta. Da antin ta ce dukan benci yana dawo da shi, ni hakan ya fi yi min kama da kunne ko tafiyar tunani, amma ba da hasashe ake yanke wannan ba. Ki ɗauke shi bidiyo a waya in abun ya zo, ki roƙi antin ita ma ta ɗauka, bidiyon daƙiƙa ashirin ya fi wa likita amfani a kan bayanin awa guda. In ya ga alama zai tura ku gwajin ƙwaƙwalwa da ake manna wayoyi a kai, EEG suke ce masa, ba zafi ba allura kuma ba wuta ake sa wa yaro ba. In ita ce tana jin magani sosai kuma yara da yawa tana barinsu wajen balaga. Amma wallahi kar ki bari wani mai kemis ya ji kalmar farfaɗiya ya miƙo magani, kabamazafin da ake yawan bayarwa ƙara irin wannan yake yi, fenobabiton kuma yana sa wasu yaran kasala wasu ƙiriniya, karatun da ake nema ya ƙara lalacewa.

Zazzaɓin nan na shekara 3 likita zai tsaya a kansa, don jijjiga iri-iri ce. Akwai wadda zafin jiki kawai ke kawo wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, minti biyu uku ta wuce yaro ya farfaɗo, wannan yawanci bata barin komai. Akwai kuma maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa ko sanƙarau inda yaro zai kwana ya wuni bai san inda kansa yake ba, su waɗannan suna iya warkewa su bar rauni a ji ko a riƙe hankali wanda ba a ganewa sai an shiga makaranta. Ki nemo tsohon katin asibitin in yana nan, ki zauna ki tuna, ya suma? kwana nawa? an ɗebi ruwa a bayansa? Likitan zai koma da ke har ranar haihuwa, ya yi kuka da ya faɗo ko sai da aka sha fama, ya yi shawara a satin farko, yaushe ya fara tafiya yaushe ya fara magana, yana minshari baki a buɗe da daddare, menene jinotayif ɗinsa don mai sikila yana iya samun ƙaramar toshewar jini a ƙwaƙwalwa wadda bata shanye hannu ko ƙafa a karatu kawai ake ganinta, ko da yake da yana da ita na san da kin faɗa. Har sana'ar babansa za a iya tambaya, ko ana fasa batir ko narka dalma kusa da gida, tun abun da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 wannan tambayar ta wuce a raina ta, don kaɗan ɗin da bata kisa ma tana dakushe karatu. Kar ki ji kunya kar ki gyara labari, yadda aka yi haka zaki faɗa.

Toh in aka duba aka ce kunne lafiya ido lafiya ba farfaɗiya, kar ki yarda a sallame ki da "ba abun da ke damunsa Hajiya, a dage da lesin". Nan ne ake fara maganar disleksiya, wato yaro mai wayo da fahimta amma haɗa harafi da sautinsa yake masa wuya, kuma tana bin jini, sau da yawa in aka bincika za a samu kawu ko baffa ko uban ma kansa ya sha irin wannan wahalar ya bar boko ya kama kasuwa ya yi arzikinsa. Juya harafi kaɗai ba hujja bace, yara da yawa suna yi har wajen shekara 7, amma a 9 abun dubawa ne. Ki gwada shi cikin wasa, ki ce ka ce "kaza", toh cire "ka" me ya rage, ki ga ko zai ce "za" nan take ko zai tsaya yana lalube. Sannan ki buɗe masa Alƙur'ani a surar da bai haddace ba ki ga ko yana haɗa baƙi da wasali, ko dai da ka yake tafiya yatsa kawai ke bin layi. In Larabcin ma haka, Hausar ma ba be bi bo bu haka, toh abun ba na Turanci bane. In kuwa yana tsintar Larabci da Hausa Turancin ne kawai ya gagara, sai ki bincika yara nawa ne a ajin nasu suke karatu da gaske, akwai makarantun da rabin aji haddar littafin suke yi, wannan kuma ba daga yaro bane daga koyarwa ne kuma ba likitan da zai gyara shi.

Disleksiya ba a ganinta a gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa, ba ta da allura ba ta da ƙwaya, duk mai tallan maganin buɗe ƙwaƙwalwa a Facebook da TikTok kuɗinki yake so. Likita tura ku zai yi wajen masanin halayya mai gwajin fahimta da karatu, a Jami'ar Bayero ma akwai sashen ilimi na musamman da ke horar da malaman irin yaran nan, ta nan za a iya samun wanda zai zauna da shi. Abun da ke yi mata aiki koyarwa ce, harafi da sauti, kaɗan-kaɗan, kullum, mutum ɗaya da shi, ba lesin ɗin yara goma da ake maimaita musu irin abun da ya kasa ganewa da safe ba. Akwai kuma larurar kasa tsayar da hankali, ba dole sai mai hawa katanga ba akwai mai shiru-shiru, ita ma ba a yanke ta sai an ji daga gida an ji daga makaranta.

Yanzu takardar, ita ce abun da na ce kar ki dawo babu ita. A Ingila tun 2014 doka ta tanadi makaranta da ɓangaren lafiya su haɗu su rubuta wa irin yaran nan tsari guda. Mu nan ba likitan da zai bar layin mutum ɗari ya je taron makaranta, antin ma ba za ta zo asibiti ba, ke ce mai kai saƙo tsakaninsu. Don haka kafin ki je ki roƙi antin ta rubuta miki shafi ɗaya na abun da take gani da idonta, a ina yake zama, wane lokaci yake ɗaukewa, in aka tambaye shi da baki yana amsawa, lissafi fa, wasa da yara fa. Ki haɗa da littattafan rubutunsa na bana da na bara da sakamakon jarrabawa, likita ya gani da idonsa.

In kuma an gama bincike kar ki karɓi takarda mai layi ɗaya wai ana duba wannan yaro a asibitinmu, wannan ba abun da za ta canza a aji. Likitocin nan a gajiye suke, in ba ki nema ba ba za su yi ba, ki ce likita dan Allah a rubuta abun da malama za ta yi. A faɗi abun da aka gano da harshen da malamar firamare za ta gane. In kunne ne a ce ya zauna a bencin gaba, kunnen mai kyau yana ɓangaren malama, ta fuskance shi in tana magana. In kwafa ce ke cinye masa lokaci a rage masa, a ba shi a takarda ko ki ɗauki hoton littafin wani yaro, a dinga yi masa wasu tambayoyin jarrabawa da baki, a ƙara masa lokaci, kar a tsayar da shi gaban aji a ce ya karanta yara na dariya. In an sa shi a magani a rubuta ko zai sa shi barci, in farfaɗiya ce a rubuta baro-baro cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta zama waje ɗaya, don har yanzu akwai malaman da za su ware masa kofi. Sannan a rubuta kar a dake shi a kan karatu. Na san ke kin faɗa sau goma ba a ji ba, amma abun da ya zo da hatimin asibiti nauyinsa daban ne a ofishin shugabar makaranta. Ki karanta takardar ke da babansu kafin ta fita hannunki, abun da bai shafi aji ba na sirrin gidanku ki ce a cire, ki ba su kwafi ki adana ta ainihin don gaba za ta yi amfani, WAEC da JAMB suna da tanadi ga masu buƙata ta musamman kuma shaida ake nema.

Ita kuma shugabar makarantar, ban ga laifinta ba da ta ce a ga likita, wasu sai su yi ta karɓar kuɗin makaranta suna ciyar da shi gaba har aji 6 bai iya komai ba. Abun da ban so ba shi ne wa'adin. Ki koma ki tambaye ta cikin girmamawa, Hajiya in na kawo takardar me za ku yi masa da ita? Amsarta za ta nuna miki ko taimako take nufi ko hujjar sallama take nema. Ki kai mata katin asibiti ta ga kun fara, don ganin babban likitan ƙwaƙwalwar yara yana iya ɗaukar makonni ko watanni kafin layi ya zo kanku. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba irin yaran nan haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, ki san da ita, amma gaskiya ban ba ki shawarar ki tsaya shari'a da makarantar da bata son ɗanki ba, ko kin yi nasara shi zai zauna a ajin ba ke ba. In sun nuna ba za su iya ba ki nemi mai ƙarancin yara a aji da malama mai haƙuri ko da ginin ba bene bane. Kuma kar kowa ya yi saurin ce miki Tudun Maliki, makarantar can an yi ta ne musamman don kurame da makafi, abun da kika faɗa bai kai nan ba.

Tsoron taɓin hankali kuwa ki kwantar da hankalinki. Asibitin yara zaki fara, Hasiya Bayero ko Murtala ko ɓangaren yara na Malam, su za su rubuta muku takardar turawa. Ko an tura ku ɓangaren ƙwaƙwalwa don a can masu gwajin fahimta suke zama, ba yana nufin an ce mahaukaci bane, kuma fayil ɗinsa ba a karanta shi a unguwa. Abun da nake ji masa tsoro na yanzu ne, yaron da ake duka kullum a kan abun da ba shi da iko a kai yakan fara ciwon ciki duk safiyar Litinin, wani ya koma fitsarin kwance, wani ya fara maƙalewa a hanya ya ƙi shiga makarantar, daga nan kuma sai a samu sabuwar matsala a kan tsohuwa.

Babansu kar ki yi gardama da shi a gaban yara ko gaban Hajiya. Ki samu lokacin da ya huta ki ce zango ɗaya kike roƙo, ba bulala, a duba kunne da ido, kuɗin dai bai kai na maimaita aji da ya riga ya biya ba, in ma'aikaci ne yana da inshorar lafiya ma a duba abun da za ta ɗauke. In zai yiwu ranar gwajin ji shi ya raka ku, maza da yawa sai sun ga zanen nan da idonsu suke saukowa. Gareji ba abun kunya bane, sana'a ce mai albarka, amma bakanike ma da kunne yake gane ciwon inji, in kunnen ne ai can ma duka zai ci wajen oga. Hajiya kuma ki ce ta ci gaba da addu'a da tofi muna so, addu'a da asibiti ba kishiyoyi bane, ita ma ta san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Abun da zaki hana cikin dabara shi ne turnuƙe shi da hayaƙi da irin ruƙiyyar da ake shaƙe yaro ko a dake shi wai aljani ake duka. Ki ma roƙe ta ta raka ku ganin likita, ki ce ita ta fi ki tuna abun da ya faru lokacin jego, kuma gaskiya ne wataƙila ta fi ki, tsofaffin nan in aka ba su girmansu a cikin magana su ne kan gaba wajen tuna lokacin shan magani.

Shi kuma yaron ki faɗa masa inda za ku, ki ce za a duba kunnenka da idonka ne a ga abun da ya sa allo yake ba ka wahala, ba laifi ka yi ba. In likita ya tambaye shi ki bar shi ya amsa da bakinsa kar ki tare. Ku fita da sassafe ki riƙe masa abinci da ruwa don layin yankar kati ba shi da tabbas, in an ba ku ranar gwajin ƙwaƙwalwa a wanke masa kai kar a shafa mai. In sakamakon kunnen ya fito ki turo min hoton takardar ta nan, ki rufe sunansa, sai mu ga abun da ya kamata a rubuta wa makarantar.